Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Malamai, Limamai Da Fastocin Kaduna Kan Mata-Maza, 'Yan Daudu Da Masu Sauya Jinsi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙa gaisuwar ban-girma gare ku iyayenmu malamai da limamai, Allah Ya gafarta muku, da ku iyayenmu shugabannin coci, Allah Ya ƙara muku lafiya da nisan kwana.

Ni ungozoma ce da ta yi aikin karɓar haihuwa a cikin garin Kaduna har zuwa ritaya, kuma Musulma ce da ta tashi a gidan da ake karatun littattafan fiƙihu a zaure. Na zaɓi in rubuto muku ne maimakon gwamna ko majalisa, domin a garin nan kalmar da aka furta a kan mumbari ranar Juma'a ko a coci ranar Lahadi tana shiga ɗakunan da dokar gwamnati ba ta taɓa leƙawa ba. Roƙona guda ɗaya ne, kuma zan faɗe shi tun da fari: ku fito fili ku shaida wa mabiyanku cewa jini da mutuncin mata-maza, da na 'yan daudu, da na masu cewa jinsin da aka haife su da shi bai dace da su ba, haramun ne ga kowa, kuma babu wani saurayi a unguwa da addini ko doka suka ba shi izinin dukansu, ko tsiraita su, ko ɗaukar hotonsu yana yaɗawa. Ban zo neman ku sauya wani hukunci na littafinku ba. Na zo neman ku karanta wa jama'a hukuncin gaba ɗayansa, domin a halin yanzu rabinsa kaɗai suke ji.

Matsalar farko ita ce mun tara mutane iri uku a ƙarƙashin zagi ɗaya, alhali al'amuransu sun sha bamban, kuma wanda ya fi kowa shan wahalar wannan cakuɗawa shi ne jaririn da bai san hawa ba bai san sauka ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar ɗakin haihuwa ya san tambayar da ake fara yi: me aka samu? Akwai ranakun da ungozoma ke goge jariri, ta duba, ta sake dubawa, ta kira abokiyar aikinta, sannan su biyun su rasa amsar da za su bai wa kakar da ke tsaye da zani a hannu. Na ga yadda fuskar uwa ke sauyawa a wannan lokaci, na kuma ga kakar da ta karɓi jaririn ta naɗe shi tsam, ta ce a sallame su yanzu-yanzu, ta roƙe mu kada kowa ya ji. Abin da ke biyo baya na san shi: a gida za a ce aikin aljanu ne ko sammu, wasu su ce alhakin wani abu ne da uwar ta aikata, ga ranar suna tana matsowa, dole a zaɓi suna a yanka rago, sai a zaɓi wanda uban ya fi so a rufe maganar.

Abin da iyaye ba su sani ba shi ne wannan rufin asiri yana iya kashe jaririn. Sanadin da ya fi yawa ga 'ya mace da aka haifa da al'aura mai kama da ta namiji shi ne wata matsala a ƙullutun da ke zaune a saman ƙoda, wanda ke fitar da sinadaran da ke daidaita gishiri da ruwa a jiki. Idan matsalar ta yi tsanani, jaririyar takan fara amai da ƙin kama nono a mako na biyu ko na uku, jikinta ya bushe, ta mutu a hannun uwarta ana cewa zazzaɓi ne, alhali akwai maganin da ake ba ta kullum ta rayu ta girma. Muna da asibitin koyarwa na Shika da na Barau Dikko, kuma can ya kamata irin wannan jariri ya kwana kafin a yi maganar suna. Ƙasar Kenya ta sanya mata-maza a ƙidayar jama'arta ta 2019, aka samu mutum 1,524 da suka yarda aka rubuta su haka. Mu a nan har yau gida ne ke haɗiye maganar.

Allah Ya gafarta malam, ku kun fi ni sanin cewa magabatanmu ba su ɗauki wannan al'amari abin kunya ba. Mukhtasar na Shehu Khalil, wanda ake karantawa a zaurukan Zariya da Kano da Sakkwato tun kafin zuwan Turawa, da mas'alar huntha, wato mata-maza, ya rufe, inda ya ce wanda al'amarinsa ya rikice ana ba shi rabin rabon namiji da rabin rabon mace a gado, sannan ya jero alamomin da ake dubawa domin warware rikicin. Malaman fiƙihu sun tattauna inda zai tsaya a sahun salla, da wanda zai yi masa wanka idan ya rasu. Mutanen da suka zauna suka lissafa wa mata-maza rabonsa a dukiyar mahaifinsa sun ɗauke shi ɗa ne a gidan, mai haƙƙi kamar kowa. Ina mamakin yadda wannan ilimi ya tsaya a zaure, bai isa kunnen kakar da ke ɓoye jikanta ba.

Sai kuma 'yan daudu, waɗanda babu Bahaushen da zai ce daga waje aka kawo mana su. Mun tashi mun gan su a tasha da bakin kasuwa suna sayar da abinci, mun gan su a gidan biki suna tuƙa tuwon da mata goma za su gaji da shi, kuma an san alaƙar wasunsu da bori da gidajen mata masu zaman kansu, ba na ɓoye wannan. A unguwar da na zauna akwai wani dattijo daga cikinsu mai sayar da shinkafa da wake, yana ɗaura zani a kan rigarsa idan zai hau aikin tukunya, yana magana yana tafa hannu irin na mata, kuma almajiran layin sun san cewa bayan la'asar akwai ƙanzo da sauran miya da ke jiransu a wurinsa. Da kuɗin wannan tukunya ya riƙe mahaifiyarsa har ta rasu, ya aurar da ƙannensa mata. Manya suna tsokanarsa yana ramawa, ana dariya, amma ban taɓa ganin wanda ya ɗaga masa hannu ba. Yau irinsa ba zai iya zama a bakin titi cikin kwanciyar hankali ba, domin yaro ɗaya mai waya ya isa ya tara masa jama'a, kuma da zarar an kira sunan luwaɗi babu mai tsayawa tambayar shaida.

Na san hadisin Ibn Abbas da ke cikin Bukhari, wanda ya la'anci maza masu kamanta kansu da mata da mata masu kamanta kansu da maza, kuma shi ne ake karanta mana duk lokacin da maganar ta taso. Abin da nake roƙo shi ne a riƙa haɗa shi da 'yan'uwansa. Imam Nawawi a sharhinsa na Muslim ya raba mukhannas, wato namiji mai ɗabi'un mata, gida biyu: wanda aka halitta da laushin murya da tafiya irin ta mata ba da ƙoƙarinsa ba, ya ce wannan babu zargi babu zunubi a kansa, da kuma wanda ya ɗora wa kansa da gangan, wanda shi ne abin zargi. A Madina irin waɗannan mutane suna shiga gidaje, har da gidan Ummu Salama, kuma sai da ɗayansu ya siffanta jikin wata mace 'yar Ɗa'ifa ga wani namiji sannan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana su shiga wurin mata. Abu Dawuda kuma ya ruwaito cewa an kawo masa wani da ya yi lalle a hannu da ƙafa, ya yi umarni aka fitar da shi zuwa Naƙi'i, wani wuri a wajen Madina, da aka tambaye shi ko a kashe shi sai ya ce an hana shi kashe masu salla. Ko a inda aka yi hukunci, shugaba ne ya yi shi, da iyaka, kuma ran mutumin ya tsira. Wannan shi ne rabin da samarinmu ba su taɓa ji ba.

Rukuni na uku su ne waɗanda duniya ke ta muhawara a kansu, wato mutanen da jikinsu bai da wani rikici da ido zai gani, amma suke cewa tun suna yara suna jin kansu a ɗaya jinsin, har wasu su nemi magani ko tiyata. Tarihinsu a likitancin zamani ya kai shekara ɗari da 'yan kai. A 1919 wani likita Bajamushe mai suna Magnus Hirschfeld ya buɗe cibiyar bincike a Berlin inda irin waɗannan mutane ke zuwa neman taimako, kuma a watan Mayun 1933, watanni kaɗan da hawan Hitler mulki, magoya bayansa suka fasa cibiyar suka ƙona littattafanta a dandalin birnin. Lili Elbe 'yar Denmak, wadda aka haifa a matsayin namiji, tana cikin na farko da aka yi wa tiyata, ta rasu a 1931 sakamakon matsalar da ta biyo bayan aikin. A 1952 labarin Christine Jorgensen, tsohon sojan Amurka da ya je Denmak ya komo a matsayin mace, ya cika jaridun duniya. Suwidin ce ta fara yin doka a 1972 da ta bai wa mutum damar sauya jinsinsa a takardun hukuma, sai dai da sharaɗin a kashe masa ƙwayar haihuwa, sharaɗin da ba a cire ba sai a 2013. Ajantina a 2012 ta ce furucin mutum kaɗai ya isa ba sai da likita ba. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta cire lamarin daga babin cututtukan taɓin hankali a sabon kundinta da ya fara aiki a 2022.

Kada a ɗauka Turawa sun gama magana da murya ɗaya. A watan Janairun 2025 shugaban Amurka Donald Trump ya sa hannu a umarnin da ya ce gwamnatinsa jinsi biyu kaɗai ta sani, a watan Afrilun shekarar kuma Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke cewa kalmar mace a dokar daidaito ta 2010 tana nufin wadda aka haifa mace. Suna jayayya a kan wasanni, da gidajen yari, da shekarun da ya dace a fara bai wa yaro magani. Ba na kiran Kaduna ta kwafi Ajantina ko Amurka, kuma ba wannan ne ya sa na kawo tarihin ba.

Abin da ya fi kusa da mu shi ne yadda ƙasashen Musulmi suka tunkari lamarin. A Iran, wata mai suna Maryam Khatoon Molkara ta yi shekaru tana neman ganawa da Ayatullah Khomeini, har a shekarun 1980 ta samu fatawarsa da ta halatta tiyatar, kuma har yau ana yin ta a ƙasar bisa doka. A Masar a 1988 wani ɗalibin likitanci na Jami'ar Azhar ya yi tiyata ya koma Sally, rikici ya tashi, Muftin ƙasar na lokacin Shehu Muhammad Sayyid Ɗanɗawi ya ba da fatawa cewa tiyata ta halatta idan amintaccen likita ya tabbatar da dalili a halittar mutum, ba don sha'awar zuciya kawai ba. Pakistan ta yi dokar kare haƙƙinsu a 2018, sannan a watan Mayun 2023 Kotun Shari'a ta Tarayya ta soke sassan da suka bai wa mutum damar zaɓar jinsinsa da kansa. Waɗannan malamai sun saɓa wa juna matuƙa, kuma kuna da ikon ku ce wane ya yi daidai wane ya yi kuskure. Amma dukansu sun zauna, sun saurari mai matsalar, sun tambayi likita, sun buɗe littafi, kuma a ɗakin fatawa da zauren kotu aka yi ta, ba a bakin kasuwa ba.

Akwai wani gefen tarihi da ya kamata masu cewa komai baƙon abu ne su sani. A Indiya akwai al'ummar da ake kira hijra, waɗanda yawancinsu an haife su maza amma suke rayuwa a matsayin mata, masu rawa da addu'a a gidajen biki da suna tun ɗaruruwan shekaru, kuma Turawan mulkin mallaka ne a 1871 suka yi dokar da ta sa a yi musu rajista kamar masu laifi, ta hana su fita da tufafin mata. Sai a 2014 Kotun Ƙolin Indiya ta amince da su a matsayin jinsi na uku. Kundin hukunta laifuka na Arewa, wato Fenal Kod, wanda majalisar Jihar Arewa ta zartar a nan Kaduna a 1959, an gina shi ne a kan na Sudan, shi kuma a kan na Indiya na 1860, kuma a sashe na 405 ya lissafa namijin da ya yi shigar mata a bainar jama'a cikin 'yan zaman banza. 'Yan daudu sun riga wannan kundi zama a ƙasar Hausa da nisa.

A watan Agustan 2007 an kama maza 18 a Bauchi bisa zargin shigar mata. A watan Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar haramta auren jinsi, mai hukuncin ɗaurin shekara 14, a 2022 kuma aka gabatar wa Majalisar Wakilai ƙudirin hukunta namiji mai shigar mata da mace mai shigar maza. Ko mutum yana goyon bayan waɗannan dokoki ɗari bisa ɗari, babu layi ɗaya a cikinsu da ya ce wa jama'a su yi duka ko kisa. Kundin tsarin mulki na 1999 ya tabbatar wa kowane ɗan ƙasa haƙƙin rayuwa a sashe na 33 da haƙƙin mutunci a sashe na 34, Jihar Kaduna kuma tana da dokarta ta 2018 da ta haramta cin zarafin mutane. Duk da haka a watan Agustan 2024 aka tsinci gawar Abuja Area Mama, mai shigar mata da sunansa ya yi fice a TikTok, a gefen titi a Abuja, kuma abin da ya hana ni barci shi ne yawan 'ya'yanmu, Musulmi da Kirista, da suka riƙa rubuta Allah Ya ƙara a ƙarƙashin labarin. Wanda ya yi murna da gawa a gefen titi wani ya koya masa cewa wannan ran ba rai ba ne, ko kuma babu wanda ya koya masa akasin haka.

Mu mutanen Kaduna ba ma bukatar a yi mana bayanin abin da taron jama'a ke aikatawa idan ya ɗauki doka a hannunsa. Mun ga rikicin Fabrairu da Mayun 2000, mun ga na Nuwamban 2002, kuma har yau kogin Kaduna ne ke raba inda da yawa daga cikinmu ke iya kwana da inda ba za su iya ba. A watan Maris na 2025 mun yi kuka da aka ƙone mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta Jihar Edo bisa zargin da ba a kai gaban alƙali ba, kuma mun yi gaskiya da muka ce zargi ba hujja ba ne. Ba zai yiwu mu riƙe wannan ƙa'ida idan namu aka taɓa, mu sake ta idan wanda aka kewaye mutum ne da muke ƙyama ba. Saurayin da ya koyi dukan ɗan daudu yau ya ga an tafa masa, gobe zai gwada hannunsa a kan wanda aka kira ɓarawo ko mayya ko mai saɓo.

Gare ku iyayenmu fastoci, ina magana da ladabin wadda ba 'yar cocinku ba ce, amma na yi aiki kafaɗa da kafaɗa da 'yan'uwa Kiristoci na ji abin da ke littafinku. Na san ayar Maimaitawar Shari'a 22:5 da ta hana namiji sa tufafin mace. Na kuma san cewa a Matiyu 19:12 an ambaci waɗanda aka haifa babanni, wato maza marasa ƙarfin namiji, tun daga cikin uwa, kuma a Ayyukan Manzanni sura ta 8 Filibus ya hau karusar wani mutumin Habasha da ke cikin babanni, ya zauna kusa da shi, ya yi masa baftisma. Yaran da ake kai wa wuraren addu'a a ɗaure su, a hana su abinci, a yi ta dukansu da sunan fitar da aljani, suna bukatar wani daga cikinku ya ce a daina.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne yaron da mahaifinsa ya kora daga gida domin tafiyarsa ko muryarsa ba ta yi masa ba. Uban yana ganin ya wanke sunan gidansa, amma yaro ɗan shekara goma sha biyar da aka tura titi a Kaduna tasha zai nufa, kuma a can waɗanda za su ba shi wurin kwana su ne za su sayar da shi, daga nan sai ƙwaya, sai cuta, sai masu yi masa barazanar tona asiri suna karɓe ɗan abin da ya samu, ba ya kuma iya kai ƙara domin yana tsoron shi za a fara tsarewa. Duk abin da uban ke gudu, korar ce ke kai yaron gare shi. Uwa kuwa tana kuka a ɓoye tana aika masa da abinci ta hannun ƙannensa, ba ta da wanda za ta kai wa kukanta, domin tana tsoron ko malamin unguwa zai goyi bayan korar.

Saboda haka ina roƙonku, don girman Allah, ku ware huɗuba da wa'azi a kan wannan al'amari, ku faɗa wa iyaye cewa jaririn da aka haifa mata-maza halittar Allah ce da ke bukatar likita cikin gaggawa, kuma jinkirta yanke hukunci a kan jinsinsa har a gama bincike ba abin kunya ba ne. Ku faɗa wa iyaye maza cewa ciyar da ɗa da tarbiyyarsa ba sa faɗuwa daga wuyansu domin ɗabi'arsa ta ba su kunya. Ku ja kunnen 'yan sintiri da ƙungiyoyin matasan masallaci da na coci cewa aske wa mutum kai a bainar jama'a, da tilasta masa tuɓe riga a gaban waya, zalunci ne da za a tambaye su a kansa. Hedikwatar Jama'atu Nasril Islam tana garin nan, Ƙungiyar Kiristoci ta Najeriya tana da reshe mai ƙarfi a jihar, ga likitocin yara da na ƙwaƙwalwa a asibitocinmu, don haka ba abu ne mai wuya ba ku zauna tare da su ku fitar da bayani a Hausa mai sauƙi wanda limamin ƙauye da ungozomar gargajiya za su iya amfani da shi. Idan kuma ɗaya daga cikin waɗannan bayin Allah ya zo zaurenku ko ofishinku da damuwarsa, ina roƙon ku ba shi wurin zama, ku ji ta bakinsa har ya gama, ku kuma rufa masa asiri bayan ya fita.

Allah Ya yi muku jagora, Ya ƙara wa Kaduna zaman lafiya.

Taku cikin girmamawa,
Wata ungozoma mai ritaya,
Tudun Wada, Kaduna.